Gadar da za ta ɗauki 'yan koyo

Maganar ta taso ne a ƙofar Islamiyyar da 'ya'yanmu ke zuwa ranar Asabar a gabashin Landan. Muna tsaitsaye muna jiran a tashi yara, sai wata Hajiya ta ce jikanta ya ishe ta da zancen kamun kifi, kullum yana kallo a waya, ko akwai mai kai shi ya gani da idonsa? Sai duk aka juyo aka dube ni. An san ni mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, cikin 'ya'yan Sarkawa na koyi ɗaura ƙugiya tun ban shiga firamare ba. Na ce to, in Allah ya yarda zan kai shi. Kafin mako ya zagayo yaro ɗaya ya zama mutum goma sha ɗaya: yara biyar, ƙaraminsu ɗan shekara bakwai, mata uku, malamin makarantar, wani dattijo da muke kira Baba wanda ya haura saba'in yana fama da gwiwa, sai ni. In ka cire ni, babu wanda ya taɓa riƙe sandar fatsa a cikinsu.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Wanda ya tashi a bakin ruwa ya san ruwa ba abokin wasa ba ne, kuma 'ya'yan mutane amana ne. Na yanke shawara ba zan kai kowa ko'ina ba sai na je da ƙafata na gani.

Mutanen Ingila suna da wata irin gada da suke kira fiya. Daga gaɓa take tashi, ta miƙe cikin teku a kan ginshiƙai, ta tsaya a tsakiyar ruwa ba tare da ta ƙetare zuwa ko'ina ba. Yawancinsu tun zamanin Sarauniya Biktoriya aka fara gina su, don jiragen ruwa su sauke fasinja, mutane kuma su sha iska. Ga mai koyon fatsa babu kamarta, domin ita ce ke kai ka kan ruwa mai zurfi ba kwalekwale, ba jifa mai nisa. Ka tsaya a kan daɓe, ka saki zare ƙasa, shi ke nan. Wani sauƙin kuma, kamun kifi da fatsa a teku ba ya buƙatar lasisin gwamnati a Ingila, saɓanin kogi da tafki. Sai dai masu kula da gada sukan yanki tikitin masu fatsa, wasu gadojin ma an hana kamun kifi a kansu sam, an bar su ga masu lilo da alawa.

Wurin farko da wani abokin aikina ya kwatanta mini ba gada ba ce ma, katangar tashar jiragen ruwa ce. Ya rantse mini manyan kifaye suna nan, kuma gaskiya ya faɗa, don na tarar da mutane da manyan sanduna, ɗaya ya buɗe jakarsa ya nuna mini abin da ya kama. Amma da na matsa gefe na leƙa, babu ƙarfen kariya ko ɗaya. Siminti ne jiƙe da gansakuka, daga nan sai ruwa, can ƙasa nesa. Na tuna ɗan shekara bakwai ɗin nan da ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya ko a sahun salla. Ko minti goma ban yi ba na juya.

Asabar ta gaba na hau jirgin ƙasa daga tashar Fenchurch Street ta Landan zuwa garin Southend, inda kogin Thames ke buɗe baki ya shiga teku. A nan ne gadar shaƙatawa mafi tsawo a duniya take, ta haura kilomita biyu. Tsawonta ya sa har jirgin ƙasa ƙarami aka shimfiɗa mata, yana kai mutane ƙarshenta ya dawo da su. Ta sha gobara, har da ta 1976 da ta 2005, kuma kowane karo an sake tashin ta. Tun a hanya zuciyata ta riga ta karkata gare ta. Kusa take da Landan, yara za su yi murnar jirgin, kuma suna ne da kowa zai so ya ce ya je.

Da na isa sai na ga dalilin tsawon nata. Teku ya janye. Daga bakin titi har iya ganinka laka ce shimfiɗe tana ƙyalli, ƙananan jirage sun kwanta a kan haƙarƙarinsu, tsuntsaye suna tono. Wurin ba shi da gangara, shi ya sa in ruwa ya janye yakan tafi fiye da mil guda, dole magina suka bi shi har inda ba ya ƙafewa. Na ƙi shiga jirgin, na taka da ƙafa don in auna. Tafiyar ta ci mini kusan rabin awa, ni kaɗai, babu kaya, babu yaro a hannu. Can ƙarshen wuri ne mai kyau ƙwarai, ga tashar masu ceto, ga gaɓar yankin Kent a tsallake, ga manyan jiragen dakon kaya suna wucewa. Masu fatsa suna nan, kuma sun san abin da suke yi. Na zauna a benci ina lissafi. In iska ta juya, ko yaro ya jiƙe ya fara rawar ɗari, ko gwiwar Baba ta motsa, tsakaninmu da tudu kilomita biyu ne, sai mun jira jirgi ko mu taka. In wata ta manta abu a mota, ta manta ke nan. Gada ce ta wanda ya riga ya iya, ya zo da shirinsa, ya san ƙarfe nawa ruwa zai cika. Na ji ba daɗi da na cire ta, don na so ta, kuma har yanzu ina da niyyar komawa da manyan yaran.

Wuri na uku da na je shi ne Deal, wanda ake furtawa Dil, ƙaramin gari ne a gabashin Kent, arewa da garin Dover kaɗan. Daga tashar St Pancras ta Landan jirgin ƙasa mai sauri yana kai ka cikin abin da bai kai awa ɗaya da rabi ba, daga tasha kuma 'yan mintuna ne a ƙafa ka ga teku. Gadarsu ba ta da ado. Siminti ce da ƙarfe, tsawonta mita 311, mijin Sarauniya Elizabeth, Yarima Filib, shi ya buɗe ta a 1957. Ita ce ta uku a garin. Wadda ta gabace ta, a 1940 wani jirgin Holan mai suna Nora, da nakiyar ruwa ta riga ta illata, ya kwaso ya dake ta ya raba ta biyu. A bakin shiga akwai mutum-mutumin tagulla na wani mutum a cikin kwalekwale ya rungumi kifaye.

Abu na farko da na duba shi ne ƙarfen gefe. Na jingina da shi, na girgiza shi, na auna tsawonsa da ƙuguna. Na biyu, benci: kusan tun daga farkon gada har ƙarshe wurin zama ne a jere, ga rumfuna na fakewa daga iska, ga gidan shan shayi a can ƙarshe. Na uku shi ne ruwan kansa. Gaɓar Deal tsakuwa ce mai gangara, saboda haka ko teku ya janye ba ya nisa, rabin gadar na waje kullum a kan ruwa yake. Na taka daga ƙarshe zuwa titi ina duba agogo, minti biyar bai cika ba. A raina na ce Baba zai iya wannan da sandarsa.

Da ɗan gari akan ci gari. Na nemi shagon masu sayar da kayan fatsa, na tarar da wani dattijon Bature yana naɗe tanar teku a takardar jarida. Na gaya masa yawanmu da shekarun yaran. Bai tambaye ni irin kifin da muke so ba, sai ya ce wace rana za mu zo. Na ce duk Asabar ɗin da ta samu. Ya girgiza kai, ya jawo wani ɗan littafi na jadawalin cikowar teku ya buɗe mini. Ya ce a nan ruwa yana gudu ta ƙarƙashin gada kamar kogi, in aka zo ranar babban ruwa sai dalma mai nauyi mai ƙafafun waya take iya zama a ƙasa, 'yan koyo kuwa zarensu zai tafi gefe ya sarƙe da na maƙwabta, a wuni ana warwara. Ku zo ranar ƙaramin ruwa, in ji shi.

Da na koma gida na zauna da jadawalin sai na ga ashe lissafin da muka sani ne tun muna yara. Teku yana cika ya janye sau biyu a yini da dare, kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti hamsin, kuma wata ne ke jan ragamar. Babban ruwa yana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu. Ƙaramin ruwa kuwa wajen bakwai zuwa tara ga wata, sai kuma wajen ashirin da biyu zuwa ashirin da huɗu. Kalandar Musulunci da ke rataye a ɗakin girkinmu ita ta zaɓa mana rana. Na kira Malam na karanta masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Allahu Akbar. To ai sai mu duba takwas ga wata." Ta faɗo ranar Asabar a ƙarshen Satumba, lokacin da kifin kaka ya fara matsowa gaɓa, sanyi kuma bai kankama ba.

Shi ma Malam yana da nasa lissafin. Ya tambaye ni nisan garin, na ce ta mota ya kusa mil tamanin. Ya ce to wannan ta wuce mil arba'in da takwas, tafiyar ƙasaru ce, za mu iya haɗa azahar da la'asar raka'a bibbiyu. Da Southend muka zaɓa, wadda ba ta fi mil arba'in ba, da sai mun cika, kowace a lokacinta. Ban taɓa kawo wannan cikin sharuɗɗan zaɓen gada ba, amma ga mai tafe da yara biyar da alwalarsu, ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sanduna huɗu kawai na tanada, biyu nawa, biyu na aro. Hajiya ta ce, "Yaya mutum goma sha ɗaya da sanda huɗu, ɗan nan?" Na ce, "Hajiya, idona biyu ne. Sanda huɗu ma da ƙyar zan iya tsare su." Daren Juma'a na zauna da filaya na danne ƙayar kowace ƙugiya, wato ɗan haƙorin nan da ke hana ta fita in ta shiga. Za a rasa kifi ɗaya ko biyu saboda haka, na sani. Amma na taɓa ganin yadda ake fitar da ƙugiya mai ƙaya daga tafin hannun yaro a Yawuri, kuma ba na son in sake gani.

Mun isa wajen sha ɗaya na safe, ruwa yana gab da gama janyewa. Na yanki tikiti, muka wuce tsakiyar gada kaɗan muka kama wata rumfa da iska ba ta bugu. Akwai wani dandamali na ƙasa a ƙarshen gada wanda ƙwararru ke so, na ce ba mai sauka can. Na tara yaran na ba su doka uku: ba gudu, ba hawa ƙarfe, ba wurga fatsa ta bayan kai. Sakin zare kawai za a yi, a bar dalma ta nutse har a ji ta taɓa ƙasa, a ɗan ɗaure zaren, a sa yatsa a kai a saurara.

Sai aka zo kan koto. Na buɗe jaridar, ga tanar teku iri biyu. Ɗaya baƙa ce mai kauri, ba ruwanta. Ɗayar ja ce, gefenta duk ƙananan ƙafafu kamar shanshani, kuma tana da 'yan haƙora biyu da take fitarwa in an taɓa kanta. Yaran suka ja da baya, manyan ma haka. Wata yarinya 'yar shekara goma, wadda tun a jirgi ba ta ce uffan ba, ta matso ta tsuguna kusa da ni.

"Kawu, tana cizo?"

"Tana yi, amma kamar tsinken tsintsiya ne. Kama ta nan, bayan kai."

Ta kama. Tanar ta murɗe a yatsunta, ta fito da haƙoran ta mayar. Yarinyar ta cije leɓe, ba ta saki ba. Na riƙe mata ƙugiya, ta soka ta baki, ta tura ta a hankali har ta rufe ƙarfen, ta bar ɗan wutsiya yana reto. Hannunta duk ya yi rawaya-rawaya da ruwan tanar. Ta ɗago ta dubi uwarta. Daga wannan lokacin ita ce mai sa wa kowa koto, har Malam.

Awa ta farko babu abin da ya taɓa. Na san haka za a yi, ruwa a tsaye yake, amma sanin bai hana ni jin nauyi ba, ganin yara sun fara leƙen waya. Hajiya ta buɗe kula ta rarraba ƙosai da shayi. Baba yana zaune a benci ya miƙe ƙafa, na nuna masa can gabas inda ruwa ke fari-fari. Rairayin Goodwin ke nan, tudun yashi mai tsawon kusan mil goma da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, wanda ya haɗiye jirage masu ɗimbin yawa tun zamanin jiragen iska. Ya daɗe yana kallo. Ya ce shekararsa talatin da wani abu a ƙasar nan, aiki da gida, gida da masallaci, bai taɓa zama ya kalli teku haka ba.

Da rana ta karkata muka naɗe zaruruwa muka bar mata biyu da kaya, muka sauka kan tsakuwa muka yi salla, sannan muka karɓe su suka yi tasu. Gadar gabas ta nufa, alƙibla kuma ɗan dama da ita kaɗan, saboda haka teku muka fuskanta. Da a ce gada mai nisa ce, da wannan saukar da hawan sun cinye mana awa guda.

Muna komawa na ga zaruruwa sun fara karkata gefe ɗaya. Ruwa ya fara cikowa. Ba a yi minti ashirin ba kan sandar ƙaramin yaron nan ya yi kaf-kaf-kaf. Ya daskare. "Kawu! Kawu, wani abu yana ja!" Na ce ya ɗaga sanda a hankali ya fara naɗewa, kada ya tsaya. Na sa hannu ɗaya a bayan rigarsa, ban taɓa sandar ba. Kifin ya fito yana walƙiya, siriri, fari, bai fi tsawon tafin hannuna da rabi ba. Irin wanda suke kira waitin ne, dangin fanla. Ya yi ƙanƙanta, doka ba ta yarda a tafi da irinsa ba. Na gaya masa tun kafin ya tambaya, na ga idonsa ya kawo ruwa. Kakarsa ta ce, "Haba maigidana, bar shi ya je ya girma, ka dawo ka same shi." Ya jiƙa hannu kamar yadda na nuna masa, ƙugiyar ta zame ba wahala, ya sake shi. Ya bi shi da kallo har ya ɓace.

Daga nan abin ya buɗe. Waitin suka riƙa zuwa, mafi yawa ƙanana, 'yan kaɗan sun kai a ajiye. Malam ya jawo wani da ya ba kowa tsoro, ɗan ƙaramin shak mai ɗige-ɗige wanda Turawa ke kira karen teku. Ba ya da haɗari, sai dai fatarsa kamar sanfefa take, in ya naɗe a hannunka sai ya goge maka fata, don haka na haɗa kansa da wutsiyarsa na riƙe kafin na bar yara su shafa. Na riga na gargaɗe su kada wanda ya taɓa kifin da ban gani ba, saboda akwai wani ɗan ƙarami mai launin yashi da baƙar ƙaya a gadon baya, dafinsa ya fi na kurungu zafi, maganinsa a tsoma wurin a ruwan zafi. Allah ya sa bai fito ba. Sukumbiya da matan suka sa rai, wadda a gida sai a daskare muke ganinta, ba mu same ta ba, lokacinta ya kusa wucewa.

Sau ɗaya aka yi abin da nake tsoro. Wani yaro ɗan sha biyu ya ga wani Bature a gefe yana wurga tasa nesa, zuciya ta ɗebe shi ya kai sanda baya. Ƙugiyar ta kama gefen mayafin ƙanwar babarsa, dab da kunne. Kowa ya yi tsit. Na zare ta da yatsa biyu, ta fita sumul, ko zare ba ta ja ba. Ban yi masa faɗa ba, fuskarsa ta riga ta nuna ya ji. Na karɓi sandar na ba na bayansa, na ce ya zauna kusa da Baba har zagaye ya dawo kansa.

Wajen ƙarfe biyar iska ta ƙara sanyi, na ga leɓen ƙaramin ya fara canza launi. Kifi yana ci a lokacin, ya fi kowane lokaci ma, ruwa ya kusa cika. Na ce a naɗe. Yaran suka yi ta roƙo, ko sau ɗaya, Kawu, ko sau ɗaya. Na ƙi. Muka tsince guntayen zare da ragowar koto, muka wanke daɓen da muka ɓata, na ba Baturen gefenmu sauran tanar. Kifi bakwai muka tafi da su a cikin kula, Hajiya ta ce ita za ta soya, a kawo wa kowa Islamiyya.

Baba ne ya fi kowa jinkiri a hanyar fita. Na rage tafiya na jira shi, yaran suna gaba da iyayensu. Ya tsaya sau ɗaya ya zauna a benci, ya tashi, muka ci gaba. Da muka iso wajen mutum-mutumin nan na bakin gada ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, ranar ƙaramin ruwa na gaba yaushe ne?"

Na ce wajen ashirin da uku ga wata, Baba, amma sanyi zai fi na yau.

Ya ce, "Ina da babbar riga. Ka sa sunana, kuma wannan karon ni ma zan riƙe sanda."